Tsumman Mushe

Shekara goma sha biyar, duk wanda ya bi ta wani fili na bakin unguwar Birni a Damagaram bayan an sallame sallar asuba, zai tarar da wani dattijo tsaye a jikin motarsa da tsumma a hannu. Tsohon malamin kwaleji ne, ya koyar da kimiyyar halittu da ta ƙasa har ya yi ritaya, kuma har yau ba mai kiransa da wani suna sai Mushe, ko da kuwa mai kiran ya yi furfura. Motar Toyota Corolla ce shuɗiya mai duhu, ƙirar 1998. Ta gama rayuwarta ta farko a Turai, ta sauka tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta haura gadar Gaya, ta shigo hannunsa a 2009. Ita ce motarsa ta fari, ya kuma san ita ce ta ƙarshe.

Tsumman tsohuwar riga ce ta auduga. Yakan fara daga rufi, ya gangaro murfin inji, ya bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, hannunsa yana zagayawa kamar yadda ya shekara talatin yana share allon aji. Ba ya sa ruwa. Ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne: garin a kan dutse yake zaune, ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birnin ƙasa suka kai Yamai a 1926, kuma famfon unguwa yakan yi kwanaki bai ɗiga ba. Mutumin da ke sayen jarka a hannun ƴan ga-ruwa don sha da girki da alwala, kunya ma ba za ta bar shi ya riƙa kwarara wa ƙarfe ruwa kullum a idon maƙwabta ba. Sai busasshen tsumma ya zame masa mafita, har ya koma abin alfahari. A unguwar, in ana so a ba yaro misalin mai kula da kayansa, motar Mushe ake nunawa.

Daminar 2024 ce ta raba shi da ita. Ruwan da garin ya saba roƙo ya zo fiye da ƙima. A farkon watan Satumba tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe, kuma cikin makon nan ɗakuna biyu na gidan Mushe suka bi shi. Ba a rasa rai ba. Amma wani fallen kwano ya zame daga rumfar ƙofar gida, ya ja layi a ƙofar baya ta motar, tsawonsa ya fi taƙi biyu. Iyali suka cunkushe a ɗaki ɗaya da zaure. Da ya yi lissafin bulo da siminti da kwano da kuɗin magina, ya aza shi kusa da fanshonsa, sai ya ga ba abin da zai tayar da ɗakunan kafin wata daminar in ba motar ba.

Dillali ya zo cikin watan Janairu, hunturu ya kankama. Bai ce a buɗe inji ba tukuna. Cewa ya yi a fitar da motar daga inuwar dogon yaro a ajiye ta a tsakiyar fili, ya jira har hazo ya ɗan washe rana ta fito, sannan ya kira mai ita ya ce ya duba murfin inji daidai inda rana ta faɗa. Mushe ya sunkuya. A kewayen hoton rana ya ga zobba sirara dubbai, wani cikin wani, kamar saƙar gizo-gizo da aka shimfiɗa a kan ruwa. Ya matsa gefe, zobban suka bi shi. Shuɗin da ya ɗauka yana nan yadda ya saye shi ashe ya yi toka-toka, kamar an yafa masa mayafi. Shekara goma sha biyar da asuba yake ganin motarsa, a inuwa, ba ta taɓa nuna masa wannan fuska ba.

Dillalin ya ce wannan zai rage kuɗi, layin ƙofa kuma zai rage fiye da haka, amma kada Mushe ya damu. Akwai man da ake shafawa ranar da mai saye zai zo, mota ta yi ƙyalli kamar amarya. Ita kuwa ƙofa a cike ta da mastik a fesa mata fenti, ba sai an faɗa wa kowa ba. "Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba, Mushe," in ji shi.

Akwai wani mai fenti a wani gareji da ke bakin hanyar Magariya, wanda ya taɓa zama a ajin Mushe. Bai gama kwaleji ba. Ya tafi Kano ya yi shekaru a hannun wani maigida yana koyon fesa fenti da goge shi, ya dawo ya buɗe rumfarsa. Da ya ga tsohon malaminsa ya sauko daga mota, sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya goge tafinsa a wando, ya rusuna. Bayan gaisuwa ya kewaya motar sau biyu, ya tura ta cikin rumfa inda ba rana, ya kunna fitilar salularsa ya kusantar da ita jikin fenti. Zobban suka sake fitowa, wannan karon a kewayen fitilar.

"Mushe, wa ke share motar nan?"

"Ni da kaina, ɗana. Ban taɓa bar wa yaro ba."

Mai fentin ya yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun ɗalibin da ya ga kuskure a kan allo yana tunanin ko ya ɗaga hannu. Daga nan ya ce, "A gafarce ni, Mushe. Da kun bar ta da ƙurarta, da ta fi haka lafiya."

Abin da ido ke kira fentin mota hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafen da ke hana tsatsa, sai shimfiɗa mai launin toka ko fari, sai launin kansa, sannan a sama wani ruwa garai marar launi wanda masu gareji ke kira berni. Shi ne ke ba da ƙyalli, shi ne kuma ke tare zafin rana kada ya cinye launin. Duka hawan nan in an haɗa su ba su cika wuce mikron 100 zuwa 150 ba, wato kaurin fallen takardar rubutu guda ɗaya ko ɗan fiye. Berni kaɗai tsakanin mikron 35 ne da 50, bai kai kaurin gashin kai ba. Mai fentin bai faɗi waɗannan lambobi ba. Ya yago falle ɗaya daga littafin da yake rubuta bashi, ya riƙe shi ta gefe a gaban idon malaminsa, ya ce duk dukiyar da ake magana a kanta ba ta fi wannan ba, kuma rabonsa a ciki bai kai rabi ba.

Sauran bayanin Mushe ne ya ƙarasa wa kansa, don darasinsa ne. Sau nawa ya rubuta wa yara ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushen nan Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10? Farce yana wajen 2 da rabi, gilashi 5 da rabi, kwarts kuwa, farin dutsen da shi ne yawancin rairayi, yana 7. Allin da yake sharewa a allo laushinsa bai wuce 2 zuwa 3 ba, shi ya sa busasshen tsumma bai taɓa cutar allo ba. Ƙurar hunturu wata aba ce daban. Iskar arewa maso gabas takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta faɗa kwarin Bodele a arewacin Cadi, busasshen gindin wani tsohon babban tafki, ta kwaso garin ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka mutu tun dubban shekaru, ta haɗa da garin kwarts na hamada, ta zo ta sauke a kan rufin kowa. Irin wannan garin ɓawo, abin mamaki, shi ake zubawa a wasu mayukan goge ƙarfe saboda kaifinsa. Berni kuwa roba ce da ta daskare, ko kusa da taurin gilashi ba ta kai ba. Ashe kowace asuba samfefa yake ɗauka yana bin motarsa da ita, a hankali, cikin ƙauna.

Ya ɗauka zagayen hannunsa ne ya zana zobban. Ba haka ba ne, ko da yake zagayen bai taimaka ba. Ƙarce-ƙarcen gajeru ne, kusan miƙaƙƙu, sun fuskanci kowace kusurwa. Idan haske ya faɗo, waɗanda suka gitta hanyarsa ne kaɗai ke maido shi cikin ido, su kuwa in an haɗa su sai su yi da'ira a kewayen fitilar. Shi ya sa da'irar ke bin mai kallo duk inda ya matsa, shi ya sa kuma farar mota ke ɓoye su, mai duhu ta tona.

Ba a banza mutanen zamaninsa suka ɗauki wannan ɗabi'a ba. Motocin da suka buɗe ido suka gani, su Peugeot 404 da 504 da suka cika tashoshin ƙasar nan, yawancinsu fenti ɗaya gare su, launi da ƙyalli a haɗe, ba berni a sama. Idan irin wannan fenti ya koɗe aka goge shi, tsumma yakan ɗauko launin motar, sabon launi ya fito daga ƙasa, direba ya yi murna. Daga shekarun 1980 ne berni ya game masana'antun mota. Fenti ya sauya, hannun masu sharewa bai sauya ba.

Aikin ya ci kwana biyu. Da farko wanki: aka kwarara ruwa daga sama ba tare da an taɓa jikin ba, har laka ta gangara, sannan sabulu mai kumfa da ƙyalle mai laushi. Da ta bushe, mai fentin ya manna tef ya raba murfin inji biyu, ya ɗiga man goge a kan soson injinsa, ya kama rabi ɗaya, yanki-yanki, kowane yanki bai fi faɗin faifai biyu ba. Ba ya danna injin, ba ya kuma barinsa wuri ɗaya. Lokaci-lokaci yakan aza bayan hannunsa a kan ƙarfen ya ji ɗuminsa. Da ya cire tef ɗin, sai ga murfi ɗaya da launi biyu: hagu toka-toka, dama shuɗi mai zurfi har ana ganin ƙusoshin rufin rumfa a ciki.

Mushe ya tambaya me aka zuba a cikin ƙarcen har ya cike.

"Ba a zuba kome ba, Mushe. Ragewa aka yi. Ƙarce rami ne. Ba na cike ramin, gefensa nake ci har ƙasa ta zo daidai da gindinsa."

Wannan shi ne abin da yawancin masu mota ba sa so su ji. A Kura, mabuga sukan barbaɗa wa baƙin yadi shuni su yi ta dukansa a kan gungume har ya yi ƙyalli kamar ƙarfe, Abzinawa su saya su naɗa. Wannan ƙyalli ƙari ne, in ya zube a jikin mai shi ana iya sake bugawa. Ƙyallin mota kuwa daga jikinta ake yankowa. Man gogen gari ne mai kaifi, sau da yawa na alminiyon-oksaid da ya fi kwarts tauri, sai dai ya fi ƙura laushi nesa ba kusa ba, yana maye manyan ƙarce da ƙanana, ƙananan da waɗanda ido ba ya gani. Kowane zagaye mai kyau yana cin mikron biyu zuwa biyar. Wanda ke da arba'in, ya kuma san cewa maganin da ke tare zafin rana a cikin bernin yake, ya san ba kowace salla ake wannan aiki ba. Motocin da ake gani a titi rufinsu ya yi fari-fari yana saɓulewa kamar fatar maciji, berninsu ne ya mutu, wasu rana ta kashe, wasu injin mai gaggawa ya taya ta. Wannan ba ya goguwa, sai sabon fenti.

Saboda haka gwanintar ba a fitar da ƙyalli take ba, kowane yaro da inji zai iya wannan cikin awa ɗaya. Tana wajen sanin inda za a tsaya. Mai fentin ya manne tef a kan kowace kusurwa da kowane ƙashin jikin motar, don a nan fenti ya fi sirantaka, inji kuma ya fi ci. A ƙofar direba akwai wasu layuka da ƙayar aduwa ta ja a hanyar ƙauye. Ya watsa musu ruwa: waɗanda suka ɓace da jiƙa ya ce a cikin berni suke, za su fita, biyu daga ciki ya bi su da jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 3000, sau ƴan kaɗan, ya goge, ya bar su da ɗan alama. Mushe ya ce ai saura kaɗan su ɓace gaba ɗaya. Ya ce, "Sauran nan shi ne na mai saye. Garin gyaran gira ake rasa ido."

Da suka zo kan layin kwano, bai ɗauko inji ba ma. Ya kama yatsan malaminsa, abin da bai taɓa tsammanin zai yi ba a duniya, ya ja farcen a gicciye. Farce ya maƙale. A tsakiyar layin ana ganin fari, a wuri ɗaya kuma ƙarfe ya fara ja. Abin da farce ya kama ya wuce berni. In aka ce za a ci gefensa har a kai gindinsa, sai a kai ƙarfe. Ya kankare tsatsar da bakin reza, ya haɗa shuɗi a murfin kwalba, ya riƙa ɗiga shi cikin layin da tsinken ashana, ya bari ya bushe, ya sake, har sau uku. Daga taku biyar ba a ganin kome. Daga taku ɗaya ana gani sarai.

Dillali ya zo da yamma ya ga aikin, ya yaba murfin inji, ya ɓata rai a kan ƙofa. Ya ce wannan layi kaɗai zai ci kuɗin bulo ɗari. Mushe bai amsa nan take ba, don maganar ta taɓa shi. Bulo ɗari ba wasa ba ne ga mai iyali a zaure. Kuma wata tambaya tana damunsa tun jiya. Ya taso yana jin malamai suna cewa ɓoye aibin haja algus ne. To shi wannan goge da ya biya, da man da dillali ya kawo shawara, ina bambancinsu, tunda duka don a burge mai saye ne? Ya juya ya tambayi ɗalibinsa a gaban dillalin.

Mai fentin ya ce bambancin bokiti ɗaya ne na ruwan omo. A wanke motar da shi yanzu: abin da ya goge zai nan, don ƙarcen babu shi. Man dillali kuwa yana kwanciya ne cikin ramukan ya daidaita haske, wanki biyu ko uku sai saƙar gizo-gizo ta dawo a hannun wanda ya biya kuɗin amarya. Ƙofar da aka cike da mastik kuma, duk mai wayo da ɗan maganaɗisu a aljihu zai gane ta, daga nan ba zai ƙara yarda cewa motar ba ta taɓa haɗari ba, ko an rantse masa. Shi ma zai shafa kaki a ƙarshe, irin wanda ake samu daga ganyen wata giginyar arewa maso gabashin Barazil, amma don kariya, kuma zai faɗa wa kowa cewa a zafin Damagaram ba ya wuce ƴan makonni.

Mushe ya ce a bar ƙofa yadda take.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne makonni uku da suka biyo baya, kafin a sami mai saye. Ɗalibin ya ba shi umarni kamar yadda likita ke ba majinyaci. Kada busasshen abu ya taɓa ta, ko tsumma ko tafin hannu ko gefen riga. Wanki sau ɗaya a mako ya isa, da sassafe ko bayan la'asar, ƙarfe yana sanyi, don ruwan da ya bushe a rana yakan bar tabon gishirinsa. Bokiti biyu: ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye ƙyalle kafin a mayar da shi cikin sabulun, kada yashin ƙofa ya koma murfin inji. Daga sama zuwa ƙasa, ƙafafu a ƙarshe da wani ƙyallen daban. Ƙyallen da ya faɗi ƙasa ya gama aiki ranar nan. Kashin tsuntsu da na jemage kaɗai ba sa jiran mako: a jiƙa su, a ɗauke, kada a murza. Kada kuma a rufe ta da tampol tana da ƙura, don iska za ta kwana tana goga shi a jikinta. Da Mushe ya lissafa, jarka biyu a mako ne, abin da bai fi ƙarfinsa ba tun 2009.

Sai ga shi yana fitowa daga masallaci ya wuce motar tana fari fat da ƙura, hannunsa yana ƙaiƙayi. Maƙwabci ya aiko a tambaya ko jikin ne. Wani yaro ya rubuta sunansa da yatsa a gilashin baya, Mushe ya gode Allah da ya zaɓi gilashi. Tsumman ya rataye shi a ƙusa cikin zaure, maiɗakinsa ta ɗauke ta mayar da shi na riƙon tukunya.

Mai sayen wani matashin ɗan kasuwa ne daga Matamai, mai fataucin wake. Kafin ya gama kewaya motar, Mushe ya kai shi ƙofar baya ya nuna masa layin, ya gaya masa ranar da kwano ya faɗo da abin da aka ɗiga a ciki. Alhajin ya ja farce, ya tsotsi haƙori, ya rage abin da zai rage. Bai kai bulo ɗari ba, amma ya fi hamsin. Aka yi ciniki, aka ƙirga kuɗi a zaure, dillali ya karɓi la'adarsa, aka shafa fatiha.

Da suka fito, iska ta riga ta sauke sabuwar ƙura a murfin inji tun wankin safe. Alhajin ya karɓi makulli, ya dubi motarsa, ya naɗe hannun babbar rigarsa a tafi, ya kai shi kan shuɗin ya ja. A cikin shirun la'asar Mushe ya ji wani ɗan sauti siriri, kamar ana tankaɗe gari a ɗaki na uku, sautin da ya yi shekara goma sha biyar yana yi bai taɓa ji ba.

"Alhaji, dakata," in ji shi. Ya leƙa zaure ya ce a miƙo masa bokitan nan biyu da sauran ruwan jarka.